Yadda Za Ka Zaɓar Wa Tsohuwar Fijo 504 Taya Mai Araha Ba Tare da Ka Cuci Motar Ba

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar Peugeot 504, ko ta gado ce ko ta sha'awa, ya san inji ba shi ne abin da ke hana shi barci ba. Makanikan da suka ƙware a Fijo suna nan da ransu, kayan gyara kuma ba su ƙare ba a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, domin an shafe shekara kusan talatin ana haɗa motar a PAN, kamfanin haɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna, tun daga 1975. Inda ake shan wuya yanzu shi ne taya. Motar ta fito ne a Faransa a 1968, lokacin da ake yin taya siririya mai dogon gefe, kasuwar yau kuwa ta cika da gajerun tayoyi masu faɗi na ƙananan motocin zamani. Ka shiga shago ka ce kana son tayar 504, sai a mirgino maka duk wadda ke kusa a ce, "Alhaji, sha huɗu ce ai, za ta hau." Gaskiya ne za ta hau rim. Amma ko za ta ɗauki motar yadda aka ƙera ta, wannan wata magana ce daban.

Ra'ayina shi ne tsohuwar mota ba ta buƙatar taya mai tsada. Abu uku take buƙata: tsayin taya ya yi daidai da na asali, ta iya ɗaukar nauyin motar, kuma a ce ba ta daɗe da fitowa daga masana'anta ba. In ka tsare waɗannan ukun, duk sauran wuraren za ka iya rage kuɗi hankalinka kwance. Ga yadda ake yi, tun daga gida har zuwa wurin mai faci.

Mataki na 1: Nemo lambar asali, ka manta da wadda ke jikin motar yanzu

Yawancin mutane suna durƙusawa ne su kwafe lambar da ke jikin tayar da za su cire. A mota mai shekara biyar wannan ba laifi. A motar da ta wuce hannun mutum huɗu ko biyar kuwa, abin da ke jikinta shaida ce kawai ta abin da mai ita na baya ya samu da sauƙi. Duba littafin motar in yana nan, ko ɗan allon da ake mannawa a jikin ƙofar direba, ko ka tambayi tsohon makaniken Fijo wanda ya yi aiki da su tun suna sababbi.

Salun ɗin 504 ta zo da taya 175 R14 a kan rim mai faɗin inci 5. Wagon, wadda aka yi don iyali da kaya, ta zo da 185 R14. A-kori-kura kuwa tana son taya ta ɗaukar kaya, mai harafin C a bayan lamba, za mu zo kan wannan. In taka ba 504 ba ce, ƙa'idar ɗaya ce, lambar ce ta bambanta: Fijo 404 tana amfani da 165 R15, wadda a tsofaffin takardun Faransa ake rubutawa 165 x 380, Volkswagen Beetle ta daɗe tana amfani da 5.60-15, daga baya aka koma 155 R15 ko 165 R15. Marsandi W123 tana ɗaukar 175 R14 ko 195/70 R14 gwargwadon injinta.

Masu 505 su yi hattara da abu guda. Wasu daga cikin waɗanda aka shigo da su daga Turai sun zo da rim na TRX, wanda aka auna da milimita 390 maimakon inci. Tayar inci 15 ba ta zama a kansa, ko da an tilasta ta da guduma, kuma haɗari ne babba. Wanda ya samu irin wannan rim, hanya mafi sauƙi a aljihu ita ce ya nemi rim na ƙarfe na inci 14 na Fijo ya huta.

Mataki na 2: Yi lissafin tsayi da kanka

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai.

Tayar zamani tana da lamba uku, misali 185/70 R14. Ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, amma ba da milimita ba, kaso ne cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman rim ne da inci. Harafin R yana nufin tayar radiyal ce, irin ginin da Michelin ya yi wa rajista a 1946 wanda yanzu kusan duk motocin duniya ke amfani da shi. Tsohuwar lamba irin 175 R14 ba ta da lambar tsakiya, domin a wancan lokacin kowa ya san gefen yana kusan kashi 80 cikin ɗari. Saboda haka 175 R14 ita ce 175/80 R14 a rubutun yau. In mai shago bai gane ta farkon ba, faɗa masa ta biyun.

Lissafin ba shi da wuya, wayarka ta isa. Ka ninka faɗi da kason, ka ninka abin da ya fito sau biyu domin gefe yana sama yana ƙasa, sannan ka ƙara girman rim. Inci 14 milimita 356 ne. Ga tayar asali ta salun: kashi 80 na 175 shi ne 140, sau biyu 280, a ƙara 356, ya zama milimita 636. Wannan lambar ita ce ma'auninka. Duk tayar da aka kawo maka, ka yi mata wannan lissafi, kuma kada ka yarda ta kauce wa 636 da fiye da kashi 3 cikin ɗari, wato kamar milimita 19 sama ko ƙasa.

Ga yadda waɗanda aka fi samu a kasuwa suke fitowa:

- 175/80 R14: milimita 636, ita ce ta asali
- 185/75 R14: milimita 633, kusan babu bambanci
- 195/70 R14: milimita 629, ta gajarta kaɗan
- 185 R14: milimita 652, ta fi tsayi da kashi 2.5
- 185/70 R14: milimita 615, tana bakin iyaka, har ta ɗan haura
- 175/70 R14: milimita 601, ta yi gajarta
- 175/65 R14: milimita 583, ba ta 504 ba ce ko kusa

Biyun ƙarshen su ne suka fi yawa a shaguna kuma su ne suka fi araha, shi ya sa za ka ga tsofaffin Fijo suna yawo da su, tayar ta shige cikin madigadi ta bar fili a sama kamar ba tata ba. Abin bai tsaya a muni ba. Da 175/65 R14, motar za ta sauka ƙasa da milimita 26. Fijo ta yi suna ne a hanyoyin Afirka saboda tsayinta daga ƙasa da laushin tafiyarta, kuma kaso mai yawa na laushin nan daga dogon gefen taya yake zuwa. Ka gajarta shi, sai rami ya riƙa isa ga rim kai tsaye, ƙasan motar ya riƙa gogar tudun rage gudu, salansa ta fara shan duka. Agogon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kan 92. Injin zai yi ta ƙugi a babbar hanya domin dole ya juya sau da yawa kafin ya ci nisan da ya saba ci, musamman a masu giya huɗu, man fetur kuma yana tafiya tare da ƙugin. Kuɗin da ka rage a shagon taya za ka biya shi a gidan mai da garejin makanike.

To wacce za ka ɗauka in ba a samu 175/80 R14 ba? Ni 185 R14 nake fifitawa ga mai shiga ƙauye ko hanyar burji, domin ƙarin tsayin milimita 8 daga ƙasa amfani ne, kuma ita ce tayar wagon tun asali. Agogo zai ɗan nuna ƙasa da gudunka, sai ka sa wannan a ranka. Ga mai zirga-zirgar cikin gari da kwalta, 195/70 R14 ta yi daidai ta fuskar tsayi, amma tana da aibi biyu: a kan rim mai inci 5 tana ƙarshen abin da aka yarda da shi, sannan yawancin 504 ba su da na'urar taimaka wa sitiyari, don haka faɗin nan a damtsenka za ka ji shi duk lokacin da za ka yi fakin. Kada ka bari a ruɗe ka da cewa faffaɗar taya ta fi riƙe hanya. A motar da aka tsara ƙafafunta don siririyar taya, faɗi yana sa sitiyari nauyi, yana sa motar bin duk wani layi da ke kan kwalta, yana kuma gajiyar da bolojoyin da tayarod da wuri.

Duk wadda ka zaɓa in ta fi ta asali girma, a sa ɗaya a gaba tukuna, a sauke motar, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a leƙa a ga ko tana gogar madigadi ko tiyon birki. Ka yi wannan yarjejeniyar da mai shago kafin ka biya.

Mataki na 3: Karanta lambar nauyi da harafin gudu

Bayan girman taya akwai wata lamba da harafi, kamar 88S ko 91H. Lambar tana gaya maka nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 82 kilo 475 ne, 84 kilo 500, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210.

Salun ɗin 504 tana da nauyin kusan kilo 1,200 ba kowa a ciki. Ka ƙara mutum biyar, cikakken tanki, da buhu biyu a but, sannan ka tuna nauyin ba ya rabuwa daidai, baya ne ke shan mafi yawa. Shi ya sa nake cewa kada ka sauka ƙasa da 88 a salun. Wannan ma wani dalili ne na guje wa 175/65 da 175/70, domin yawancinsu 82 da 84 ne. Ta fuskar gudu kuwa ga wurin rage kuɗi: S ko T sun ishe ta har da rara, babu dalilin biyan kuɗin V ko W a motar da ba za ta taɓa zuwa wurin ba.

Sai maganar tayar C. A kasuwarmu, in ka nemi 185 R14, kusan kullum 185 R14C za a ba ka, wadda aka yi don ƙananan bas da motocin kaya. Za ka ga an rubuta 8PR, alamar ƙarfin gininta, da lambar nauyi 102/100, wato tana ɗaukar kilo 850. Ga a-kori-kura da wagon mai lodi, ita ce daidai, kada ma ka nemi wata. Ga salun kuwa sai ka auna. Gefenta yana da tauri, ƙusa da kaifin rami ba sa cin ta da sauƙi, kuma tana da sauƙin samu a kowane gari, abin da ke da muhimmanci ga matafiyi. Amma za ka rasa wani ɓangare na laushin da ya sa ake ƙaunar motar, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa kamar tayar ƙaramar mota. Wanda motarsa ta fita Juma'a da biki ce, ya daure ya nemi tayar ƙaramar mota. Wanda motarsa ke aiki kullum a hanya mara kyau, C ba za ta ba shi kunya ba.

Mataki na 4: Duba rim kafin ka sayi komai

A cire taya ɗaya a wurin mai faci ka ga rim ɗin tsirara. Abu biyu kake nema. Na farko tsatsa da lanƙwasa a bakin da taya ke zama, domin tubles a nan take riƙe iska, kuma rim mai tsatsa zai sa ka riƙa ƙara iska kowane mako kana zargin sabuwar taya. A goge shi da burushin ƙarfe, a shafa fenti, a bar shi ya bushe. Wanda ya tsage, a jefar, walda ba ta gyara rim.

Na biyu, ka shafa hannu a cikin rim kusa da baki. In ka ji ɗan tudu da ya zagaye shi, rim ɗin tubles ne, tudun ne ke hana taya zamewa ciki in iska ta ragu a kwana. Wani lokaci za ka ga an buga H ko H2 ko FH kusa da girmansa. In babu tudun, a sa tub ko da an rubuta tubles a jikin tayar. Tub ɗin ya zama sabo, na girman tayar, kuma a ɓamɓare duk wata takarda da aka manna a cikin taya domin tana cin tub. Ba a sa tub a tayar da lambar tsakiyarta ta gaza 70.

Mataki na 5: Shekarun taya

Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye. Tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa kamar tsohon silifas da aka manta a kan rufin kwano, kuma zafin bazara irin namu yana gaggauta hakan. Tsohuwar motar da ba ta yin doguwar tafiya kullum, tayarta ba ta suɗewa, tsufa ke kashe ta zanenta na nan daram. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin ɓarna ce a zuba kuɗi a tayar da aka ce za ta yi dogon zango. Ba za ka cinye zanen ba kafin shekaru su cinye robar. Michelin har yanzu yana yin wata taya mai suna XAS a girman 175 R14, tayar da ta fito a 1965 kuma ta dace da 504 ƙwarai, amma sai an yi odarta daga waje da kuɗin waje. Wannan ta mai shirya mota don baje koli ce.

Nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ka bi haruffan har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe, yawanci a cikin ɗan da'ira mai tsayi, su ne mako da shekara: 1524 yana nufin mako na 15 na 2024. Wani lokaci gefe ɗaya kawai ke ɗauke da su, sai ka juya tayar. In ka ga lamba uku kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, kuma ana samun irin wannan a ƙarƙashin motocin da suka daɗe a ajiye. Ko zanenta bai taɓa ƙasa ba, kada ka hau hanya da ita.

Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan shekara biyar, a cire bayan goma komai kyanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fi tsanani, shekara huɗu daga ranar ƙerawa take yi wa direbobi gargaɗi a kai, kuma jami'anta kan duba wannan lambar a hanya. Saboda haka taya sabuwa da ta shekara biyu a shago ta riga ta ci rabin wa'adin da za a yi maka hisabi da shi. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba. In ta kai biyu kuma ba ka da zaɓi, wannan hujja ce ta neman ragi mai kauri.

Mataki na 6: Maganar tokunbo

Na san inda aljihu ke jan mutum. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, tayar mota daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala. Tokunbo mai babban suna a rabin kuɗi tana da jan hankali. Amma mu yi lissafi. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8, kuma ana cire ta in ya sauka zuwa 1.6, inda ƙananan tudun nan da ke cikin ramin zane suke daidaita da saman taya. Abin amfani ke nan milimita 6.4. Tokunbo mai milimita 4, wadda a ido take da kyau, saura 2.4 gare ta. Ka biya rabin kuɗi ka samu abin da bai kai kashi biyu cikin biyar ba, a kan robar da ta riga ta tsufa, wadda ba ka san ramin da ta faɗa ko ranar da aka tuƙa ta babu iska ba.

Akwai ƙarin matsala. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. Robarsu mai laushi ce don sanyi, a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu saurin cinyewa take yi. Sannan tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, don haka hanyar da suke bi su iso ba mai tausaya wa roba ba ce. Ana cewa araha ba ta ado, to a taya abin ya wuce ado, rai ne a kai.

In dole ta sa, ka sayi tokunbo don safaya kawai ko don ka kai wata guda kafin kuɗi su shigo. Ka duba shekararta, ka buɗe cikinta da hannu biyu a rana ka nemi faci da baƙin garin roba, ka shafa gefe ka ji ko akwai kumburi, ka lanƙwasa gefen ka ga ko tsaga za ta buɗe. Ka lura da ramin zane: in gefensa yana da kaifi, ba santsi, ko kana hango waya a ƙasansa, an sake yanka shi ne da wuƙa mai zafi. Wannan ka ajiye ta ka bar shagon.

Mataki na 7: A cikin shago

Tsakanin manyan sunaye masu tsada da tayar da ba a san uwarta ba a san ubanta ba, akwai fili mai faɗi, kuma a nan ya kamata ka yi sayayya. Maxxis da Nankang na Taiwan, GT Radial, Westlake, Triangle, Linglong, Sailun, duk kamfanoni ne na gaske masu masana'anta da adireshi. Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu suna sama da su kaɗan a farashi. Ba na cewa duka ɗaya suke da Michelin ko Bridgestone a birkin gaggawa cikin ruwan sama. Ina cewa ga mota mai ƙarfin 504, da direban da ya san shekarun motarsa, sabuwar ɗayansu ta fi tsohuwar kowane babban suna. Sunan da ba ka taɓa ji ba, ka buga shi a intanet nan take. In babu shafin kamfani, babu ƙasar da aka yi ta a jikin tayar, ka wuce.

A gefen taya ka nemi harafin E a cikin da'ira tare da lamba, shaidar ta cika ƙa'idar Turai. In an rubuta matsayin jure zafi, za ka ga A ko B ko C kusa da kalmar Temperature. A ƙasarmu ka nemi A, ka karɓi B, ka bar C.

Sai ka tsayar da tayar a ƙasa ka dubi bakinta na ciki, inda waya take. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya uku ko huɗu cikin juna don su rage kuɗin kwantena, abin da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ta sha kamawa. Tayar da aka yi wa haka bakinta kan lanƙwashe ko ya buɗe fiye da kima, gefenta ya yi tamoji, ta ƙi tsayawa daidai. Sabuwa ce a suna, amma wayarta ta riga ta ji rauni. Ka kuma duba da'irar shekara: in wurin ya yi kamar an kankare ko an liƙa wani abu, an taɓa shi. Kada ka yarda a nuna maka ɗaya a ɗauko maka sauran daga ciki a naɗe. Ka ce, "Maigida, a kwance ledar duka huɗun in gani." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Ka zaga shago uku kafin ka yi ciniki, ka tambayi farashin huɗu a haɗe tare da sababbin bawul, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da suna, girma da lambar shekarar kowace taya. In kuɗin biyu kawai gare ka, sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, ka mayar da mafi kyawun tsofaffin gaba. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Dalilin shi ne in gaba ya zame kana ji a sitiyari kana iya gyarawa, in baya ya zame motar juyawa take yi, ga shi 504 da ƙafar baya take ja. Kada a haɗa girma biyu daban a ƙafa ɗaya, hagu da dama, kuma kada a haɗa radiyal da tsohuwar taya mai lamba irin 5.60-15 a ƙafa ɗaya.

Mataki na 8: Ɗaurawa

Ka tsaya a wurin. In akwai mai injin cire taya, ya fi, domin ƙarfe da guduma suna raunata bakin sabuwar taya da tsohon rim. Da ruwan sabulu ake shafa baki, ba baƙin mai ba, ba man birki ba. A canza bawul ko da tsohon yana da kyau a ido. In taya tana da kibiya, kibiyar ta kalli inda motar ke tafiya; in an rubuta Outside, wannan gefen ne waje. Ɗigon rawaya, in akwai, a daidaita shi da bawul.

A yi balansin. Wasu rim na Fijo ba su da babban rami a tsakiya, don haka ba kowane inji ke kama su ba, sai mai abin riƙewa ta ramukan noti. Ka tambaya tun kafin a cire taya. Daga nan a yi alaimen, amma sai makanike ya fara girgiza ƙafafun gaba ya tabbatar bolojoyin, tayarod da bushin ba su saki ba, ya kuma duba shokazoba. Alaimen a kan sassan da suka saki ba ya kwana biyu, kuma sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan watanni. Tsohuwar tayar da aka cire za ta gaya maka abin da ke damun motar: cin gefe ɗaya alaimen ne, cin tsakiya iska ce ta yi yawa, cin gefe biyu iska ce ta yi kaɗan, cin tsalle-tsalle kuma shokazoba ce.

A ɗaure noti da hannu, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa, ba a bin su a jere, kuma kada yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin su. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a kwanakin farko, ka tafi a hankali.

Iska kuwa, abin da kamfanin motar ya rubuta za ka bi, ba lambar da ke jikin taya ba, domin waccan iyakar abin da tayar za ta jure ce. Masu faci da yawa sun saba bugawa 40 ko 50 a ma'aunin iska na PSI ga kowace mota, wannan ya yi wa salun yawa. Tayar C a a-kori-kura mai cikakken lodi ita ce ke buƙatar iska mai yawa, har zuwa 65 a mai 8PR. Sayi ɗan ma'aunin iska naka, ka riƙa aunawa da safe kafin motar ta motsa. In ka auna a tsakiyar tafiya ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne, za ta sauka da kanta.

Motar da ke kwana biyu ba a tashe ta ba, a ajiye ta a inuwa, ko a rufe tayoyin da buhu daga rana. A riƙa gusa ta kowane mako biyu don kada wuri ɗaya ya baje, in kuma za ta yi watanni, a ɗora ta a kan abin tokare. Da ruwa da sabulu ake wanke taya, baƙin mai da wasu ke shafawa don ƙyalli yana cin roba. Safayar 504 tana rataye ne a ƙarƙashin but, inda ƙura da ruwa ke samun ta, saboda haka ka sauko da ita duk wata uku ka auna iskarta, ka duba shekararta, ka ɗiga mai a ƙarfen da ke riƙe ta don ya kwance ranar da ka buƙace shi.